Kada a rufe kwalejin ƙauye, a ƙarasa ta

Duk shekara in sakamakon birebe, wato jarabawar gama kwaleji, ya fito magana guda ce ke yawo a Facebook da wajen shan shayi a fada nan Maradi, wai kwalejojin ƙauye ɓata lokaci ne, wai an buɗe su barkatai babu tsari, gara a rufe ƙananan a tattara yara a manyan garuruwa inda akwai malamai da azuzuwan kirki. Na ji wagga magana daga bakin mutanen da nake ganin girmansu, har da tsofaffin malamai da sunka koyar da mu, kuma ba ƙarya suke ba in sun ce sakamakon yana da ban takaici. Amma ni ban yarda a rufe ko guda ba. Abin da nake gani shi ne an fara aiki ba a ƙarasa ba, kuma wanda bai ƙarasa nashi ba ba talakan ƙauye ba ne.

Masu cewa a rufe ina ganin sun manta yadda abin yake da can. Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960 yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, kwaleji kuwa sai a babban gari. An daɗe a haka. Yaron ƙauye in ya gama CM2, ajin ƙarshe na firamare, ya ci jarabawa to ranar ce wahalar ubanshi ta fara, don dole a nema mashi mai masauki a Maradi ko Tasawa ko Dakwaro ko Mayahi. Wanda ke da dangi a birni ya ji sauƙi, wanda ba shi da kowa sai a bi ta hannun wani ɗan kasuwa da ke cin kasuwar garinsu a roƙe shi don Allah ya riƙe yaro. A ɗaura mashi ɗan buhun hatsi da tabarma da ƴan kuɗin sabulu a sa shi mota. Can kuma ya kwana a zaure ko shago, da asuba shi ne ɗibar ruwa shi ne kai niƙa shi ne aike, in an rage tuwo ya samu in ba a rage ba ya haƙura, kuma ba shi da bakin magana tunda alfarma anka yi mashi. Ba ina zagin masu masauki ba ne, da yawansu sun yi don Allah kuma su ma ɗin da ƙyar suke ciyar da nasu ɗiyan. Amma mun san yara masu ƙwaƙwalwa da yawa da sunka dawo gida tun kafin hutun Disamba, ba don karatu ya gagare su ba, yunwa ce da kaɗaici.

Ɗiya mace kuwa ba a ma kai ga wannan. Uba ya dube ka ya ce shi ba zai kai ɗiyarshi mai shekara 12 gidan da bai san ciki da wajensa ba, ta zama mai daka da wanke-wanke da talla, in wani abu ya same ta wa zai tambaya? Kuma tsakani da Allah ban ga laifinshi a nan ba. Sai ta zauna gida, in ta zauna gida kuwa kowa ya san abin da ke biyo baya. A binciken 2012 an samu a ƙasarmu kusan kashi 76 cikin 100 na ƴan mata anka yi masu aure kafin su cika 18, jiharmu ta Maradi ma ta fi haka, tana kusan 89. Nisan kwaleji na cikin manyan dalilan wanga abu ko da ba shi kaɗai ba ne.

To daga farkon shekarun 2000 abubuwa sunka canza a firamare. Shugaba Tandja ya zo da shirinshi na musamman na gina azuzuwa dubu da ɗakunan shan magani dubu, sannan a 2003 anka shiga tsarin shekara goma na raya ilimi, anka ɗauki malamai ƴan kwantiragi da yawa, lakwal ta shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo ba. Kowa ya yi murna, amma lissafin mai sauƙi ne, yaron da ya shiga CI, ajin farko, yau bayan shekara shida zai fito CM2 yana neman inda zai je. Ga jama'a kuma tana ƙaruwa, ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maradi kaɗai. Kwalejojin birni ba za su iya shanye wanga ambaliya ta yara ba, masu masauki ma sun gaji. Daga nan ne CEG, wato kwaleji, ta fara sauka ƙauye, da farko manyan garuruwan komin, daga baya har garuruwan da ke da kasuwa da ƴan ƙauyuka kewaye da su.

Tamu ta garinmu na ga haihuwarta da idona. Taro anka yi a ƙofar mai gari bayan sallar la'asar, anka tashi dattawa da daraktan firamare sunka je wajen hukumar ilimi, sunka yi ta sintiri har anka ce masu to an yarda amma ku ba da fili ku yi rumfuna, gwamnati za ta turo malamai. Wani tsoho ya ba da gefen gonarshi kyauta. Anka yanka ma kowane gida damin kara da zana, masu amalanke sunka kawo itace, samari sunka yi gayya sunka kafa rumfa biyu cikin yini. Babu tebur babu benci, kowane yaro ya zo da buhun da zai shimfiɗa ko tubalin da zai zauna, ya ɗora kaye a gwiwa ya yi rubutu. Allo kuwa jingine shi anka yi da sanda, in iska ta taso sai yaro guda ya tashi ya riƙe shi mushe ya ci gaba da rubutu. Malamai biyu anka turo, darakta da wani saurayi, su ne Faransanci su ne lissafi su ne tarihi su ne komi. Matan gari sunka raba kwanaki, yau gidan wance ke kai ma malamai tuwo gobe gidan wance.

Haka ta yi ta girma, duk shekara a ƙara aji guda, ƴan 6e, ajin farko na kwaleji, su zama ƴan 5e a kafa sabuwar rumfa. Ƴan ci-rani da ke Legas da Abijan da Libiya sunka haɗa kuɗɗi anka yi aji na ƙasa anka rufa kwano, daga baya wani shiri na taimako ya gina azuzuwa na siminti, komin ta kawo ƴan tebura. Ranar da ƴan farinta sunka zauna birebe gari duka ya san da zancen, har waɗanda ba su da ɗa a ciki. Yau in ka tsaya bakin hanya da safe za ka ga yara na ɓullowa daga ƙauyukan kewaye, wasu a ƙasa wasu goye a keke, ƴan mata cikin hijabi rungume da littattafai, su yi karatu su koma su kwana ɗakin uwarsu. Wannan kaɗai ya ishe ni hujja. Cikin waɗanda sunka fito daga rumfunan nan akwai mai koyarwa a firamare yanzu, akwai ma'aikaciyar lafiya, akwai waɗanda sunka wuce lise har jami'a. Waɗanda ba su yi nisa ba ma sun fita daban, su ne ke riƙe littafin asusun mata, su ne ke karanta takardar maganin feshi kafin a zuba ma wake, su ne ke tura kuɗɗi da waya ba tare da an cuce su ba.

Yanzu bari in zo ga abin da masu suka ke faɗi, don gaskiya ne kuma ni ma yana ci mani rai.

Ajin kara shi ne babbar cuta. A takarda ana komawa lakwal farkon Oktoba, amma rumfa da kara ake yin ta, kara kuwa sai an yi girbi an kwashe hatsi an sare shi ya bushe. Ke nan yaron birni na cikin aji tun Oktoba, na ƙauye sai Nuwamba wani lokaci har Disamba. Sai hunturu ya zo da ƙura da sanyi yara na rawar ɗari alli na tashi, sai bazara rana ta ratso ta saman zana, sannan hadarin farko na Mayu ko Yuni ya kwashe rumfar gaba ɗaya, shi ke nan an tashi. Yaro ya yi wata biyar ko shida a madadin tara, sannan a ajiye mashi takardar jarabawa iri ɗaya da ta yaron da ke cikin garin Yamai, in ya faɗi a ce ƴan ƙauye ba su da ƙoƙari. Ina adalci a nan? Ga kuma wuta. Babu wanda ke Maradi da zai manta 8 ga Nuwamba 2021, ranar da gobara ta cinye azuzuwan kara ta kashe ƙananan yara aƙalla 25 a cikin garin nan, bayan a watan Afrilu na 2021 ɗin wasu 20 sun rasu haka nan a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu haƙuri. Bayan haka gwamnati ta hana sa ƴan rainon yara cikin ajin kara, amma a firamare da kwalejojin ƙauye har gobe ana kafa su, don babu wani abin da za a yi.

Sai zancen malami. Yawancin masu koyarwa a ƙauye ƴan kwantiragi ne, samari da ƴan mata da sunka gama karatu babu aiki. Kuɗin da ake ba su kaɗan ne kuma ya sha yin jinkiri, in ya fito ma sai mutum ya bar aji ya hau kabu-kabu ya tafi babban gari ya karɓo, kwana biyu sun tafi. Babu gidan malamai, sai ɗakin da wani ya ara mashi, babu lantarki babu ruwan famfo, matarshi na birni. Yaya za a yi ya zauna? Da ya samu hanya zai nemi canji, kuma ban ga laifinshi ba. Akwai kwalejojin da ake shekara guda cur ba a ga malamin lissafi ko na fizik ba, sai malamin tarihi ya ɗauki littafi ya yi iya yinshi. A wajen Madarunfa da Gidan Rumji kuma ga matsalar ƴan bindiga ta bakin iyaka ta ƙaru a kai, malami na tsoron kwana a gari, uba na tsoron sakin ɗiyarshi ta bi daji.

Yunwa ma ba a cika maganarta ba. Yaron da ya taso daga ƙauye mai nisa da sassafe, wani ko koko bai sha ba, ƙarfe goma sha ɗaya ya fara gyangyaɗi. Mai ƴan dala a aljihu ya sayi ƙosai ko awara wajen matar da ke bakin lakwal, marar shi ya sha ruwa in akwai. Mushe na bayani da Faransanci, yaren da yaron ba ya ji a gida ba ya ji a kasuwa, ga ciki babu komi, mi zai shiga kanshi? Tun 1973 anka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, to ya kamata mu ga amfanin haka a cikin aji, aƙalla malami ya samu izini da littafin da zai warware ma yaro lissafi da kimiyya da harshen da yake tunani da shi, Faransanci da Ingilishi kuma a koya mashi su da kyau a matsayin darasi.

Duk waɗanga matsaloli na yarda da su. Amma ku duba su ɗaya bayan ɗaya, wacce ce a ciki laifin kusantar da lakwal ga yaro? Babu. Gari ya ba da fili ya ba da kara ya ba da ƙarfi ya ciyar da malami, abin da ya rage siminti ne da albashi a kan lokaci da abincin rana, waɗannan kuwa aikin hukuma ne. An kashe maciji ba a sare kansa ba. In anka rufe kwalejin garinmu yau, yaran nan ba lise Ɗan Baskore ta Maradi za su koma ba, gida za su koma, mazan su bi hanyar Agadas ko Najeriya, matan a sa masu rana.

Akwai masu cewa makarantar kwana ce mafita, kamar wadda anka buɗe ma ƴan mata a Kelle cikin jihar Damagaram zamanin Shugaba Bazoum. Ina goyon bayanta ƙwarai, musamman ga yankin makiyaya irin Bermo da arewacin Dakwaro inda gari da gari ke da nisa. Amma ciyar da yara sau uku da kwanansu da tsaronsu kuɗɗi ne masu yawa, ba za a iya yi ma kowa ba. A kudancin jiharmu inda ƙauyuka ke manne da juna, kwalejin jeka-ka-dawo mai azuzuwa huɗu na siminti da rijiya da tukunyar abincin rana ta fi araha kuma ta fi kwantar ma iyaye da hankali.

Wani abin da nake so a duba shi ne abin da ake koyarwa. Mafi yawan yaran kwalejin ƙauye ba za su kai bak, jarabawar gama lise, ba, wannan kowa ya sani, to mi suke fita da shi a hannu bayan shekara huɗu? Muna zaune a jihar da duniya ke zuwa koyon abu wajen manomanta. Sassaben zamani, wato barin tsiron itace a gona ana gyara shi a madadin tumɓuke shi, nan Maradi ya faro wajen 1983, manoman Ɗan Saga cikin Agiye sunka yi suna da shi, har anka kai miliyoyin eka da sunka sake yin kore a Nijar. Muna da jar akuyar Maradi da ake nema ƙasa-ƙasa saboda fatarta da yawan haihuwarta, muna da aya da gyaɗa da riɗi da wake, muna da noman rani a Jiratawa, muna da masu binciken noma na INRAN a Tarna, ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ta tsaya da ƙafarta tun 2010 tana da sashen aikin gona. Amma yaro sai ya gama 3e, ajin ƙarshe na kwaleji, ba a taɓa nuna mashi a lakwal yadda ake adana wake ba tare da ƙwari sun cinye ba, ko yadda ake lissafin riba da faɗuwar gona guda. Kada a fahimce ni ba daidai ba, ban ce a mai da ɗan ƙauye manomi dole ɗan birni likita ba, wannan zalunci ne, dole yaron ƙauye ya samu lissafi da kimiyya cikakku don in yana da kai ya wuce. Abin da nake cewa a ƙara mashi ne. Kowace kwalejin ƙauye tana da fili, a yi lambu a yi ƴan awaki, ɗaliban jami'a masu karatun gona su zo su yi aikin gwajinsu nan, cibiyoyin koyon sana'a na komin su haɗa kai da kwaleji yaro ya taɓa gyaran babur da haɗa sola da ɗinki. Kuma abin da lambun ya bayar ya shiga tukunyar rana.

Mu ma iyaye akwai namu. Ba daidai ba ne mu yi gayya mu kafa rumfa sannan ranar kasuwa mu janye yaro ya tsare mana tireda, ko lokacin roron gyaɗa aji ya zama fanko. Ba daidai ba ne yarinya tana 4e tana ƙoƙari a karɓi kayanta a ɓoye sai dai malami ya ga ba ta zo ba. Tun Disamba 2017 akwai dokar da ta ce a kare karatun ɗiya mace har ta kai 16, amma takarda ba ta zuwa ƙauye da ƙafarta, sai liman da mai gari da uwaye mata na kwamitin lakwal sun tsaya a kai. Kwamitin nan na COGES ma a bar mai da shi na mutum biyu, darakta da shugaba, a riƙa karanta ma jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita a bainar kowa, in mutane sun ga inda dalarsu ta shiga za su ƙara.

Sannan ina kira ga alhazanmu na Maradi cikin girmamawa. Allah ya ba ku, kuma mun shaida kuna gina masallatai kuna haƙa rijiyoyi kuna ciyarwa da azumi, Allah ya saka da alheri. Kusan kowanenku akwai ƙauyen da ya fito. Aji guda na siminti mai ƙofa da taga bai kai kuɗin mota guda cikin motocin da ke jere a gareji ba, kuma ku tambayi malamanku, ilimi mai amfani na cikin abubuwan da ladarsu ba ta yankewa. Haka mu da munka yi karatu muna cin albashi a Maradi da Yamai, ba sai an jira wani shiri daga Turai ba.

A garinmu tsofaffin ɗalibai sun buɗe zaure a WhatsApp kowa na zuba abin da ya sawwaƙa duk wata, kuma da anka tambayi uwaye mata mi za a fara yi, ba aji sunka ce ba. Sun ce makewayi na ƴan mata daban mai ƙofa, da randar ruwa kusa da shi, don yarinya in ta fara girma tana kwana huɗu ko biyar duk wata ba ta zuwa saboda babu inda za ta kewaya, daga nan sai a bar ta a baya, daga nan sai ta ce ita ta gaji. Mu maza ko kusa tunaninmu bai kai can ba. An sayi siminti, magini ɗan gari ya ce ba zai karɓi kuɗin hannu ba, ana so a gama kafin ruwa ya sauka, in an samu rara sai a fara buga bulo na ajin ƴan 3e don su ne ke da jarabawa a gabansu.